Lomar Magajiya

A Tsamiyar Kogi, wani ƙauyen masunta da ke gaba kaɗan da gadar Wudil, Sarkin Ruwa ba ya cin tuwon kowa sai na 'yar'uwarsa. Haka aka gada. Matansa su yi girkinsu su ci da 'ya'yansu, amma akushin Sarki daga murhun Magajiya, wato 'yar'uwar tasa, yake fitowa. Ita za ta ɗauko shi da hannunta, ta dire a gabansa, ta gutsuri lomar farko ta haɗiye yana kallo. Magabata sun ce duk abin da aka haɗa don a kama Sarki, guba ce ko sammu, to zai kama wadda suka sha nono ɗaya da shi. In ta haɗiye ta zauna daram, sai shi ma ya sa hannu.

Zamanin Maikano lomar nan abin raha ce. Tabawa za ta gutsura, ya ce, "Haba Magajiya, ɗanɗani aka ce, ba a ce ki raba akushin biyu ba." A yi dariya, fadawa su matso, kowa ya sa hannu. Zauren nan a lokacin ba ya rabo da mutane, har ƙofar waje takalma ne.

Sai Ɗayyabu ya hau.

Ɗayyabu autansu ne, su uku uwa ɗaya uba ɗaya: Maikano, Tabawa, sannan shi. Ana yaye shi uwarsu ta rasu, Tabawa ce ta goye shi har bayanta ya yi kanta. Da ya girma, shi ne ya dinga zarya yana kai ƙarar yayansa wurin manyan masarauta, wai Maikano yana sayar wa masu tifa bakin kogi suna kwashe yashi. Aka tuɓe Maikano, aka naɗa shi. Maikano ya tattara ya koma Dagumawa wurin dangin matarsa, damina ba ta zagayo ba ciwon ciki ya tafi da shi. Mutane suka yi ta ƙus-ƙus. Tabawa kuwa har gobe ba ta san gaskiyar abin ba. Abin da ta sani shi ne, motocin yashin da aka tuɓe Maikano a kansu ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi.

Tun daga ranar da ya naɗa rawanin nan, Ɗayyabu bai ƙara yarda da ɗan Adam ba. In mutum biyu sun tsaya magana a bakin masallaci, to shi ake ƙulla wa. In mutum ya gaishe shi da fara'a, da wata a ƙasa. In ya gaishe shi ba fara'a, ya fito da ƙiyayyarsa fili. Ya ƙwace jirgin wannan, ya yanka tarun wancan, ya hana wani shiga ruwa don kawai ya yi atishawa ana shari'a. Matarsa Radiyya, ya ce ya ga tana tofi a randa, ta yi yaji zuwa Achika, bai bi sawu ba. Fadawa suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Aka bar shi da Gwadabe, wani ɗan maula mai baki kamar zuma, da kuma Garzali.

Garzali ɗan Tabawa ne, ɗanta na fari kuma shi kaɗai ya rayu. Shi yake tuƙa wa kawunsa jirgi. Shi ya taɓa tsamo shi daga gurbin kogi mai zurfi ranar da jirgin ya kife, ya goyo shi a baya har tudu. In samari suna zagin Sarki a majalisa, Garzali tashi yake ya bar wurin. Wallahi da a ce Ɗayyabu ya haifi yaron nan da cikinsa, ba zai samu biyayyar da ya samu ba.

Abin da ya jawo wa yaron masifa, wasa ne. Ranar buɗe su ta bara, wato kamun kifin gayya, da aka saki mutane cikin babban gurbi, Garzali ya kamo giwan ruwa wanda sai da ƙarti suka taimaka aka fito da shi. Samari suka ɗaga shi sama suna ihu, wani shashasha a cikinsu ya ce, "Sarkin gobe!" Shi ke nan. Garzali ya kai kifin gaban kawunsa ya durƙusa, kamar yadda ake yi. Ɗayyabu ya dubi kifin, ya dubi yaron, bai sa albarka ba.

Da rani ya yi nisa sai aka wayi gari kifi ya taso a mace a gefen gurbin. Babu wanda bai san dalili ba: masu lambun tumatir na sama ne suke wanke tankin feshinsu a ruwan. Amma Sarki ya tara mutane a ƙofar zaure ya ce Garzali ne ya zuba guba don ya ɓata masa sarauta. Ya karɓe komarsa da gorarsa na kamun kifi, ya ce ƙafarsa kada ta ƙara taɓa ruwan Tsamiyar Kogi, kuma kada ya ƙara kwana a garin. Yaron bai ɗaga kai ba. Cewa ya yi, "Allah ya huci zuciyar Kawu." Ya tafi Wudil, ya shiga lodin yashi a ƙarƙashin gada. Ɗan masunta, jikan masunta, da shebur a hannu.

Tabawa ta yi kuka, ta yi roƙo, ta tura liman, ta tura dattawa. Amsa ɗaya ce: a bari zai duba. Kuma duk wannan abin, kullum da rana tana ɗaukar akushi ta kai, ta haɗiye lomarta. Gidanta ya zama kango. Ta share tsakar gida ba mai ɓatawa. Matan da suke cika mata ɗaki saboda ita ce Magajiya suka ɗauke ƙafa, kowa na tsoron a gan shi a gidan mai laifi. Sai ta yini ba ta yi magana da kowa ba in ba akuyarta ba.

Yanzu ga shi ruwa ya ja, an sa ranar su ta bana, Asabar ta sama. Abu ɗaya take so, ba biyu ba: Ɗayyabu ya tsaya a ƙofar zauren nan inda ya ɓata yaron, ya faɗa da bakinsa cewa ba shi ya zuba guba ba, ya mayar masa da komarsa, ya shiga ruwa tare da sa'o'insa.

Ran nan ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta sa busasshiyar tarwaɗa yadda yake so. Ta shiga zaure ta yi sallama. Ɗayyabu na kan buzu, ya jingina da bango ta yadda zai ga ƙofa biyu. Gwadabe na gefe yana yi masa fifita. Ta dire akushin, ta buɗe faifai, ta koma ta zauna ta naɗe hannu.

Ba ta taɓa tuwon ba. Ɗayyabu ya ce, "Yaya, bismillah."

"Na ƙoshi."

"Ba ƙoshi ake tambaya ba. Ki yi abin da aka saba."

"Auta," in ji ta, don in ranta ya ɓaci ba ta san wani Sarki ba, "tun kana tsumma nake ba ka abinci a baki. Ban kashe ka kana zawo a bayana ba, sai yanzu da furfura? Ga tuwo nan. In ka yarda da ni, ci. In kuma lomata kake so, ka san kuɗinta. Ka fita ƙofar nan ka wanke ɗanka."

Gwadabe ya ce, "Subhanallahi, Magajiya, a gaban Sarki? Giwan ruwa, mai gurbi da kewaye..."

"Kai rufe mini baki, tulun banza. Da kai nake?"

Ɗayyabu ya ƙura wa tuwon ido kamar maciji ne a ciki. Can ya juya ya ce, "Gwadabe, sa hannu."

Fifitar ta tsaya. Gwadabe ya yi tari, ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, ai da gudu. Sai dai yau na tashi da azumi."

"Yau Talata," in ji Tabawa. "Azumin me ake yi ran Talata? Ko goron da ke bakinka ma azumin yake?"

"Ramuwa ce, Magajiya, ramuwa."

Ta kwashe da dariyar da ba ta daɗi ba. Ɗayyabu ya sa aka kama wata kaza da ke tsakar gida, aka watsa mata tuwon. Kazar ta cinye, ta goge baki a ƙasa, ta ci gaba da tononta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, a hankali, kamar da kansa yake, "Kaza ba ta sha nonon Inna ba."

Tabawa ta rufe akushinta ta tafi da shi.

Washegari ta sake kawowa. Ta sake naɗe hannu. Gwadabe kuwa aka ce ya tafi Kausani gaisuwar mutuwa, mutuwar da ba wanda ya ji labarinta, kuma bai dawo ba. Zauren ya rage daga Sarki sai buzunsa. Da ta shiga ta tarar da shi a tsugune bakin wani ɗan kurfoti, ya tuɓe rawani, yana dafa ƙwai a butar shayi. Ƙwan kazarsa, shi ya ɗauko da hannunsa, ruwan ma shi ya ja a rijiya. Sarkin Ruwa guda, mai hana mutane kogi, yana hura gawayi hayaƙi na sa shi hawaye.

Tausayi ya kama ta, don ƙeyar nan da ta gani ita ce dai ƙeyar da take yi wa aski da reza yana yaro. Ta danne. Ta ce, "Ƙwai zai riƙe ka zuwa yaushe?"

Bai juyo ba. "Ku nawa ne a ciki?"

"A cikin me?"

"Ke da shi da su wa? Liman yana ciki? Nawa masu tifa suka ba ku?"

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya mayar da kai haka. Ko da yake kai ka mayar da kanka. Babu kowa, Auta. Ba mai neman rawaninka. Wa zai so shi? Dubi abin da ya yi maka."

Haka suka yi ta yi. Kullum ta girka, ta kawo, ta zauna, ta mayar. Ba ta iya cin tuwon in ta koma gida, sai ta juye wa akuya. Garin kuwa kowa ya ji, amma ba wanda ya taka ƙofarta ya ce sannu, ba wanda ya taka tasa. Mutane sun zuba ido ne kawai su ga wanda zai fara faɗuwa. In ta fito da akushi a ka, mata su shige gida, maza su sunkuyar da kai kan tarun da suke ɗinki. Wata rana ma ta tsaya a tsakiyar hanya ta ce, "Munafukai! Jiragenku ya ƙwace, 'ya'yanku ya kora, amma tsohuwa kuka bar wa faɗan!" Ko tari ba wanda ya yi.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu a yi su, ta same shi a kwance. Kazar ta daina ƙwai ko kuwa ya daina yarda da ita, oho. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Ta dire akushin. Ƙamshin daddawa ya cika zauren. Ta ga maƙogwaronsa yana motsi.

"Yaya," ya ce, muryar ta koma irin ta yara. "Loma ɗaya. Don darajar Inna."

"Kalma ɗaya. Don darajar Inna. Ga ƙofa can."

"In na fita na ce ƙarya na yi, na gama. Gobe kowa zai taka ni."

"Yanzu wa ke ɗaga ka?"

Ya tashi zaune da ƙyar. Ya jawo akushin gabansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ta ji yana kalmar shahada. Shahada, jama'a, a kan tuwon da ta tuƙa da hannunta! Ya gutsura, ya kai baki, ya runtse ido ya haɗiye. Sai kuma yunwa ta ƙwace masa. Ya dinga zuba loma ba ƙaƙƙautawa, miya na bin gemunsa, hawaye na bin kumatunsa, har ya suɗe akushin da yatsa. Ya koma ya jingina, ya miƙe ƙafafu, ya ɗora hannu a ciki yana jira.

Tabawa ma ta jira. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta ce a ranta, ga shi ya ci ba lomata, da bakinsa, da cikinsa. Yanzu zai gane. Wanda ya ga ƙarya a tsoronsa sau ɗaya, ai zai duba sauran.

Aka kira la'asar. Inuwa ta juya a ƙofar zauren. Ba abin da ya same shi sai gyatsa.

"To?" in ji ta. "Ka mutu?"

Ya buɗe ido ya dube ta. Ƙarfi ya fara dawo masa, ta gani a yadda ya gyara zama ya laluɓo rawaninsa.

"Yau dai ba ki sa ba," ya ce.

Ta ji kamar an kwara mata ruwan randa.

"Me ka ce?"

"Kina da wayo, Yaya. Ki saba mini da ci ba ɗanɗani, yau lafiya, gobe lafiya, ranar da na saki jiki ki gama da ni, ɗanki ya hau. Na gane. Ai ni ma na san yadda ake yi."

Wannan kalma ta ƙarshe ta tsaya a zauren. Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya kawar da kai. Tabawa ta tuna Maikano da ciwon cikinsa. Ba ta tambaya ba. Ba ta son amsar, kuma ta san ko ya ba ta, ba za ta san ko gaskiya ce ba.

Ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ba ta ɗauki akushin ba.

"Garzali," ta ce. Sunan da kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinta ta kama ba, yau ta kama shi da ƙarfi har ya fita waje. "Garzali sunansa. Shi ya tsamo ka daga ruwa. Da ya bar ka a can da duk mun huta."

Ta kai bakin ƙofa ta ji ya ce, "Gobe wa zai kawo?"

"Ka tambayi kazarka."

Da safe ta ɗaure kayanta a zane, ta kai akuyar gidan maƙwabciya ta ɗaure a turke. Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, motoci na ta wucewa da shanu da buhuna. Ta samu kurkura ta matse a tsakanin wasu Fulani mata masu ƙwaryar nono. Ba wanda ya rako ta bakin titi.

A ƙarƙashin gada ta same shi. Tifa na tsaye, ƙarti na watsa yashi sama, shi yana cikinsu ba riga, ya yi baƙi ya rame, ƙafarsa duk faso. Da ya hango ta ya yar da shebur ya taho da gudu ya durƙusa.

"Inna! Lafiya? Ke da wa? Ya gida, ya mutanen gari?"

"Gida ya mutu. Tashi."

Ya kai ta inuwar wata rumfa, ya sayo mata ruwa mai sanyi. Ta ba shi labari tun daga ranar Talata, ba ta rage komai ba sai kalma ɗaya, waccan ta ƙarshe. Ta ce, "Ban samo maka ba. Gobe za su shiga ruwa ba kai. Na yi iyakar yina."

Yana ta wasa da yashi a tsakanin yatsunsa. Ta zaci zai yi kuka, ko ya yi zagi, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Da ya ɗago sai ya ce, "To Inna, yanzu wa zai riƙa ba Kawu abinci?"

Ta dube shi, ta dube shi.

"Ya kira ka mai guba a gaban gari."

"Na sani."

"Ya mayar da kai jakin yashi."

"Inna, ba shi da lafiya ne. Ni na san shi a ruwa, ba haka yake ba. In kowa ya gudu ya bar shi..."

"Kai dai an yi asarar nono." Ta tofar da yawu gefe. "Ji nan. Ranar Litinin zan je gaban manya, inda shi ya kai ƙarar Maikano. Zan faɗi abin da ya yi maka, da na masu jirage, da na yashi. Ban iya karatu ba amma bakina bai mutu ba. Za ka zo ka tsaya a bayana su gan ka."

Ya sunkuyar da kai. "Ki gafarce ni, Inna. Ba zan iya tsayawa a yi shari'a da Kawu ba."

"Don kai zan je!"

"Na sani. Ki yafe mini."

Direban tifa ya danna ham, wani daga cikin ƙartin ya ƙwala kira, "Garzali! Ka zo mu cika, ko surukarka ce ta zo?" Aka yi dariya. Garzali ya ce mata ɗakin da yake haya yana bayan tasha, in an tashi zai kai ta. Ya koma ya ɗauki sheburinsa.

Tabawa ta zauna a rumfar da ƙullin kayanta a cinya. Sama da ita motoci na ta ratsa gada, kowa da inda za shi. Ta tsayar da wata mai tallan gyaɗa ta tambaye ta, in mutum zai kai ƙara gaban manya, ta wace hanya ake bi, kuma ana barin mace ta shiga ita kaɗai?

Matar ta ce ba ta sani ba.

"To," in ji Tabawa. "Zan tambayi wani."